Saƙon da Asibiti Ke Turowa Wayarku: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Idan wayarku ta yi ƙara kuka ga saƙo daga asibiti, da sunanku, da ranar da za ku koma ganin likita, har da ƙarfe nawa, kada ku ɗauka wata nas ce ta zauna ta danna haruffan nan ɗaya bayan ɗaya saboda ku. Galibi ba yau aka rubuta saƙon ba, ba kuma don ku kaɗai aka rubuta shi ba. Sau ɗaya aka rubuta shi, wataƙila tun bara, aka ajiye a cikin manhajar da asibitin ke tafiyar da aikinsa da ita, aka bar gurabe a cikinsa. Duk sanda bukata ta taso, kwamfuta ce ke cike guraben ta tura. Shi ake kira samfurin saƙo, ko shiryayyen saƙo.

Kusan kamar katin gayyatar ɗaurin aure ne: a buga da yawa iri ɗaya, a bar layi guda da za a rubuta sunan wanda aka gayyata. Sai dai a nan guraben sun fi ɗaya, kuma ba hannu ke cike su ba. Ma'aikaci zai rubuta wani abu kamar haka: "Salamu alaikum [suna]. Muna tuna muku da zuwa asibiti ranar [rana] da ƙarfe [lokaci]. Ku zo da katinku. Idan ba za ku samu zuwa ba, ku kira [lambar asibiti]." Daga nan sai ya tsara wa manhajar lokacin da za ta riƙa turawa: ana saura kwana biyu ranar ta yi, ko da zarar ɗakin gwaji ya shigar da sakamako, ko kwana uku bayan an sallami mara lafiya. Suna da rana da lokaci kuwa, duk tana ɗebo su ne daga abin da aka shigar a ɗakin kati.

Ita manhajar da ake magana a kai, ita ce ta maye gurbin jakunkunan takardu da babban littafin rajista a asibitocin da suka koma aiki da kwamfuta. A cikinta ake buɗe wa mutum kati, a rubuta abin da likita ya gani, a tura shi gwaji, a lissafa kuɗinsa. Akwai irinta da yawa. OpenMRS, wadda aka fara a 2004 aka kuma soma gwada ta a Eldoret ta ƙasar Kenya, kyauta ce, kuma a kanta aka gina wasu, ciki har da Bahmni ta Indiya da NMRS da ake aiki da ita a Najeriya wajen kula da masu cuta mai karya garkuwar jiki. Akwai na 'yan kasuwa, kamar ta kamfanin Helium Health da aka kafa a Legas a 2016, ko Epic da manyan asibitocin Amurka ke amfani da ita. Wasu da kansu suke tura saƙo, wasu sai an haɗa su da wata manhajar, irin RapidPro ta UNICEF. Kuma ba tunatarwa kaɗai ake shiryawa ba. Akwai samfurin bayanin shirin gwaji, na takardar sallama, na wasiƙar tura mara lafiya wani asibiti, na rasit.

Abin yana da amfani, kuma an auna amfanin. A 2013 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara binciken likitanci ta tace shi, ta haɗa gwaje-gwaje 8 kan saƙon tunatarwa da suka shafi mutum 6,615. Cikin waɗanda ba a tuna musu ba, kusan kashi 68 cikin 100 ne suka zo ranar da aka ba su. Cikin waɗanda aka tura wa saƙon tes, kusan kashi 79. Waɗanda aka kira a waya sun ɗan ɗara, kusan kashi 80, amma kira ya fi tsada kuma yana cin lokacin ma'aikaci. Tazarar mutum goma sha ɗaya cikin ɗari ba ƙaramin abu ba ce idan aka tuna irin ranakun da ake magana a kai. Jariri yana da riga-kafi ranar haihuwa, sai sati 6, sati 10, sati 14, sai wata 9 na ƙyanda da shawara, sai wata 15 ya koma na ƙyanda karo na biyu. Tsakanin sati 14 da wata 9 akwai wajen wata shida, kuma a wannan ratar uwa mai hidimar gida kan sha'afa. Mai tarin fuka wata shida zai yi yana shan magani, ga shi yakan ji sauƙi tun kafin ya yi nisa. Mai hawan jini ko ciwon suga kuwa ba shi da ranar gamawa.

Amfani na biyu ba a cika faɗarsa ba, alhali a ganina ya fi na farko. Ungozomar da ta kwana tana karɓar haihuwa, da safe kuma ga layin masu awo ya kai bakin ƙofa, dole wata rana ta manta ta gaya wa wata alamomin haɗari. Samfuri ba ya gajiya. In an rubuta a cikinsa cewa mai ciki ta taho asibiti nan take idan ta ga jini, ko ciwon kai mai tsanani, ko dishi-dishin gani, ko kumburin fuska da hannu, ko jijjiga, ko ta daina jin motsin ɗa, to ta farko a layi da ta ƙarshe duk abu ɗaya za su samu. Kuma ta tafi da shi gida a wayarta, za ta iya nuna wa maigida ko uwar miji, waɗanda sau da yawa su ne za su ce a tafi ko a ɗan jira.

Yadda aka jera kalmomin ma yana sauya sakamako. Wani bincike da aka yi a asibitocin Barts na Landan, aka wallafa a 2015, ya gwada saƙonnin tunatarwa iri-iri. Da aka ƙara jimla guda mai cewa rashin zuwa yana jawo wa hukumar lafiya asarar kusan fam 160, masu ƙin zuwa sun ragu daga kashi 11.1 zuwa 8.4 cikin 100. Ba ina nufin a kwafo jimlar ba ne. A Ingila magani daga harajin jama'a yake, shi ya sa maganar asarar hukuma ta taɓa su. Wanda ya biya kuɗin kati da na mota daga aljihunsa, wannan magana ba za ta motsa shi ba, ƙila ma ta ɓata masa rai. Abin ɗauka shi ne sun gwada kafin su yanke, ba su zauna a ofis sun yi zato ba. Ƙaramin asibiti ma zai iya: a yi wata guda ana tura wa rabin mutane wannan, rabi wancan, sannan a duba rajista a ga wa ya zo.

Misalin da na fi so a riƙe shi ne na Kenya. A wani gwaji da ake kira WelTel, wanda mujallar Lancet ta buga a 2010, an raba mutum 538 da suka fara shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki gida biyu. Rabi ana tura musu saƙo duk safiyar Litinin, kalma ɗaya tak ta Suwahili: "Mambo?", wato ya ake ciki. Mutum ya amsa "Sawa" idan lafiya, ko "Shida" idan da matsala. Wanda ya ce da matsala, ko aka kwana biyu ba a ji daga gare shi ba, ma'aikacin lafiya zai kira shi. Bayan shekara, kashi 62 cikin 100 na masu samun saƙon suna shan magani yadda ya kamata, ɗaya ɓangaren kuwa kashi 50. Ƙwayar cutar ta kwanta a jinin kashi 57 na masu samun saƙo, waɗancan kuma 48.

Ku dubi saƙon nan da kyau. Babu sunan cuta, babu sunan magani, babu sunan asibiti. Ko wa ya ɗauki wayar, gaisuwa kawai zai gani. Sannan ba saƙon ne ya yi aikin shi kaɗai ba, akwai mutum a bayansa yana jiran amsa. Asibitin da ya sayi manhaja ya kunna tura saƙo, amma lambar da ya saka ba mai ɗauka, ko saƙon ya zo ta hanyar da ba a iya mayar da amsa, ya ɗauki rabin da ya fi sauƙi ne ya bar rabin da ke warkarwa.

To, abin da ya sa samfuri ke da amfani shi ne kuma haɗarinsa. Kuskuren da nas za ta yi da baki, mutum ɗaya zai shafa. Kuskuren da ke cikin samfuri, ko na wanda ya danna turawa, kowa zai shafa a lokaci guda. Ranar 23 ga Disamba 2022, wani ƙaramin asibiti a Askern, kusa da Doncaster a Ingila, mai rajistar mutum kusan 8,000, ya yi niyyar tura wa jama'arsa gaisuwar Kirsimeti. Abin da ya isa wayoyin mutane da yawa shi ne saƙon da ke cewa suna da mummunar kansar huhu wadda ta riga ta yaɗu. Ba a jima ba aka turo na ban haƙuri, amma cikin waɗanda suka karanta na farkon akwai masu jiran sakamakon gwaji da gaske. Sai ku auna halin da suka shiga kafin gyaran ya iso.

Maganin irin wannan ba wani sirri ba ne, kuma manhajoji masu kyau suna da shi, sai dai a ƙi kunnawa. Bai kamata kowane ma'aikaci ya iya sauya samfuri ko tura wa kowa saƙo ba. Wanda ya rubuta daban, wanda ya amince daban, kuma in saƙon ya taɓa magani ko gwaji, mai amincewar ya zama likita ko babbar nas. Kafin a saki sabon samfuri a fara tura shi wayar ma'aikata biyu ko uku, har da ƙaramar waya mai madannai, a ga yadda ya fito. Manhajar ta riƙa nuna adadin mutanen da saƙo zai je wa kafin a danna, ta kuma ajiye tarihin wa ya tura, me ya tura, yaushe. Sannan a sa ranar da za a sake karanta kowane samfuri, don lambar waya kan sauya, lokacin buɗe asibiti kan sauya, jadawalin riga-kafi ma kan sauya, shi kuwa tsohon saƙo zai ci gaba da fita har sai wani ya tsayar da shi.

Maganar sirri ta fi komai nauyi, kuma a nan ne samfurin da aka kwafo daga Turai ko Amurka ya fi cutar da mu. Su kansu ba su tsira ba. A Satumba 2015 wani asibitin Landan da ke lamba 56 Dean Street ya aika wasiƙar imel ga mutum kusan 780 masu hulɗa da sashen cuta mai karya garkuwar jiki, aka bar adireshin kowa a fili har kowa ya ga na kowa. Hukumar kare bayanai ta ƙasar ta ci tarar hukumar asibitin fam 180,000 a 2016. Wannan a inda kusan kowa ke da wayarsa da makullinta ke nan. A wajenmu fa? Lambar da mace ta bayar a ɗakin kati sau da yawa ta mijinta ce, ko ta ɗanta, ko ta maƙwabcin da ya kawo ta da daddare. Wayar kan kwana a shagon caji. Wanda bai iya karatu ba yakan miƙa wa yaro ya karanta masa a gaban mutane. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfani kan karɓe ya sayar wa wani, lambar kuma tana nan a katin mai ita na farko.

Saboda haka mai rubuta samfuri ya ɗauka cewa ba mai saƙon ne zai fara karanta shi ba. "Ku zo karɓar maganinku na ƙanjamau" ba saƙo ba ne, tonon asiri ne, yana iya kashe aure. Haka "ranar allurar tazarar haihuwa ta yi" idan ya faɗa hannun da bai san da maganar ba. Haka sashen masu taɓin hankali, haka na masu neman haihuwa. Ko sunan da ke fitowa a matsayin mai turowa yana iya fallasa mutum, in asibitin an san shi da cuta guda. "Ranar da muka yi da ku ta kusa, Laraba da safe" ya wadatar, mai shi ya san abin da ake nufi. Kuma tun wajen buɗe kati ya kamata a tambaya: wannan lambar taku ce ku kaɗai? Kun yarda mu riƙa turo saƙo? Da wane harshe? Manhaja mai kyau tana da gurbin waɗannan amsoshi, tana kuma bin su.

Wannan ba alfarma ba ce, doka ce. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 a Najeriya ya ce bayanin lafiyar mutum da jinyarsa da zamansa a asibiti sirri ne. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin bayanan da ke bukatar tsaro na musamman, ta kafa hukumar da ake kai wa ƙara, ta kuma wajabta sanar da hukumar cikin awa 72 idan bayanai sun fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su. Nijar tana da tata dokar tun 2017 da hukumar HAPDP mai lura da ita, Gana kuma tun 2012.

Daga nan ne ake gane abin da bai dace da samfuri ba ko kaɗan: mummunan labari. Saƙo zai iya cewa sakamako ya fito a zo a gani. Faɗin abin da ke ciki aikin mutum ne, ido da ido, inda mara lafiya zai yi tambaya a ba shi amsa. Akwai wani tarko a nan da ya kamata a lura da shi. Idan asibiti ya saba tura "sakamakonku lafiya lau" ga masu kyakkyawan sakamako, sauran kuma "ku zo ku ga likita", ba da jimawa ba kowa zai gane ma'anar na biyun. Ga gwaje-gwaje masu nauyi, gara kowa ya samu saƙo iri ɗaya.

Sai harshe. Yawancin manhajojin nan da Turanci suke zuwa, a Nijar da Kamaru da Chadi kuma sau da yawa da Faransanci, samfuran cikinsu ma haka. Zuba su a injin fassara a tura ba ya wadatarwa. Turanci ba ya bambanta mace da namiji in ana yi wa mutum magana, Hausa kuwa dole a zaɓi "ka zo" ko "ki zo", kuma dattijuwar da aka ce wa "ka zo" ta san ba da ita ake ba. Ana iya shirya samfuri biyu, amma hakan ya dogara ga an cike gurbin jinsi daidai. Mafi sauƙi a yi amfani da "ku", ya ɗauke kowa, ga girmamawa. Wani wurin kuma kuskuren yana taɓa lafiya kai tsaye. Gwajin suga na safe yana bukatar mutum ya yi awa takwas bai ci komai ba, amma zai iya shan ruwa. In aka rubuta "ku zo da azumi", Musulmi zai fahimci har ruwa, ya zo da ƙishi a wahala wajen samun jijiyarsa. Sai a faɗi abin dalla-dalla: kada ku ci komai bayan ƙarfe goma na dare, kada ku sha shayi ko koko da safe, ruwa zalla ba laifi. Hanyar gane ko samfuri ya fito ita ce a karanta wa mutum biyar a bencin jira, a ce kowa ya faɗi abin da aka ce ya yi.

Akwai kuma wata matsala ta kuɗi da ta shafi Hausa musamman, masu asibiti da yawa ba sa lura da ita sai sun ga lissafi. Saƙon tes guda yana ɗaukar harafi 160, amma fa in duk haruffan suna cikin jerin da aka tsara wa wayoyin GSM tun asali. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ba sa cikin jerin. Guda ɗaya ya shiga, dukan saƙon sai ya koma wani tsari da ke ɗaukar harafi 70 kacal, in kuma ya wuce haka a yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace 67. Ke nan saƙo mai harafi 150 da za a biya kuɗin guda, saboda ƙ ɗaya sai a biya na uku. Alamar naira ma haka take yi. Har da lanƙwasasshen waƙafin sama da manhajar Word ke sakawa da kanta a kalmomi irin su Jumma'a da ma'aikaci da 'ya'ya, idan aka kwafo rubutun daga can. Ga shi wasu ƙananan wayoyi ba sa nuna haruffan, sai 'yan akwatuna. Ni mai son a rubuta Hausa daidai ne, amma a saƙon tes na fi ganin a sauke lanƙwasar, a zaɓi kalmomin da ba za su rikita ba in an sauke ta, tunda haka mutane suka saba rubuta wa juna. A WhatsApp da takardar da ake bugawa babu wannan uzuri, a rubuta komai da ƙa'idarsa.

Hanyar da saƙo ke bi ma tana da nata sharuɗɗa. A 2016 hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta fito da lambar 2442 don mutum ya toshe saƙonnin talla. Asibitin da ke turawa ta hanyar 'yan talla mai araha, saƙonsa ba zai isa ga waɗanda suka toshe ba, alhali shi a wajensa ya tura. Sai ya nemi hanyar da aka ware wa saƙonnin hulɗa, irin wadda bankuna ke bi, ya kuma riƙa duba rahoton isar saƙo. A WhatsApp na kamfanoni kuwa samfuri wajibi ne: idan asibiti ne zai fara magana, ko an wuce awa 24 da saƙon mutum na ƙarshe, sai da samfurin da kamfanin Meta ya riga ya duba ya amince, kuma sai mutumin ya yarda tun farko. Hausa tana cikin harsunan da ake karɓa.

Duk wannan ga mai karatun boko ne. Akwai ɗimbin mutane da ajami suka iya, akwai waɗanda ba su iya ko ɗaya ba. Su samfurinsu murya ce: a naɗi saƙo sau ɗaya da muryar ungozomar da suka sani, manhaja ta kira ta kunna.

Ko samfuri ya kai ƙarshen kyau, abin da ɗakin kati ya ba shi da shi zai fita. Jariri sai kwana bakwai ake raɗa masa suna, riga-kafinsa na farko kuwa tun kafin nan ne, don haka katinsa da sunan uwa ake buɗewa. In ba a koma an gyara ba, ko an sake buɗe masa sabo bayan suna, sai yaro ɗaya ya zama biyu a kwamfuta, uwa ta riƙa samun saƙon allurar da aka riga aka yi. A gari guda ana iya samun masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya fiye da ashirin, don haka lambar kati ce ya kamata ta raba, ba suna ba. Kwanan wata a rubuta shi da sunan rana da na wata, "Talata 4 ga Maris", domin 04/03 a manhajar da aka ƙera a Amurka 3 ga Afrilu take nufi. Kuma kwamfuta ba ta san ganin wata ba. In ba wanda ya shiga ya rufe ranakun hutun Sallah bayan an sanar, za ta kira mutane su taho daga ƙauye su tarar da ƙofa a kulle.

Adadin magani kuwa kada a taɓa kafe shi a cikin samfuri. Maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi bayarwa, haɗin artemether da lumefantrine, sau shida ake sha cikin kwana uku, wannan bai sauya ba, kuma yana da kyau a tuna wa mutane su ƙarasa ko da zazzaɓin ya sauka. Amma ƙwaya nawa a kowane sha, wannan nauyin jiki ke yankewa, daga ɗaya ga ƙaramin yaro har huɗu ga babba. Samfurin da aka rubuta "ƙwaya huɗu" a cikinsa, wata rana uwar ɗan shekara biyu zai je wa. Gurbin nan daga takardar likita ya kamata ya cika, ko a bar shi a ce a bi abin da aka rubuta a jikin kwali.

Akwai abu guda da ke damuna fiye da sauran, domin ba kuskuren rubutu ba ne, rashin tunanin ranar baƙin ciki ne. Jerin saƙonnin mai ciki yana tafiya ne da lissafin makonni. Idan cikin ya zube, ko aka haifi ɗan ba rai, ko ya koma bayan suna, manhaja ba ta sani ba sai an gaya mata. Sai ta ci gaba: wannan makon jaririnki ya fara murmushi, gobe ranar allurarsa. A yankin da mutuwar jarirai ke da yawa, wannan ba abu ne da zai faru sau ɗaya a shekara ba. Afirka ta Kudu ta yi tunaninsa a shirinta na MomConnect, wanda ma'aikatar lafiyarta ta ƙaddamar a Agusta 2014 don tura wa masu ciki da masu jego saƙo da harsunan ƙasar: mace na iya dakatar da saƙon da kanta, kuma cikin dalilan da aka tanada akwai ɓari da rasuwar jariri. Kowane asibiti da ke tura irin wannan jeri ya kamata ya haɗa rajistar haihuwa da ta rasuwa da maɓallin tsayarwa, ya kuma sa wa ma'aikaci guda alhakin dubawa. Tunda da yawa a gida ake rasuwa, asibiti bai sani ba, dole kowane saƙo ya ɗauki hanya mai sauƙi da dangi za su ce a daina.

Ku da kuke karɓar saƙonnin kuma kuna da naku hannu a ciki. Ranar buɗe kati ku faɗi gaskiyar mai lambar, ku faɗi in ba ku son a ambaci sashen da kuke zuwa, ku nemi Hausa in ita kuka fi ganewa. In kun sauya layi ku sanar da ɗakin kati. In saƙon wani ya shigo wayarku, ku kira asibitin ku gaya musu, don mai shi yana can bai san ranarsa ta yi ba, kuma kada ku nuna wa kowa. In abin da saƙo ya ce ya saɓa da abin da likita ya faɗa muku ko ya rubuta a kati, kada ku zaɓi ɗaya da kanku, ku kira ku tambaya. 'Yan damfara ma sun iya kwaikwayon irin wannan rubutu, don haka duk saƙon da ya nemi lambar BVN, ko lambar sirrin katin banki, ko ya ce a tura kuɗi asusun wani mutum kafin a saki sakamako, kada ku kira lambar da ke cikinsa. Ku kira wadda ke jikin katinku na asibiti, ko ku je da ƙafarku.